Ƙudajen Lambun Inna

A bayan ɗakin girkin Inna akwai ɗan fili inda take shuka kabeji da latas. A tsakanin kunyoyin takan bar karas ya yi fure, ba ta cirewa, saboda wasu ƙudaje masu ratsin rawaya da baƙi da ke zuwa shan furen. Kama suke da ƙudan zuma, amma ba sa harbi. Sai ka ga ɗaya ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare. A bayan ganye suke yin ƙwai, tsutsarsu kuma ita ke cinye darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse kabeji.

Da ƙanwarta ta kwanta asibiti, Inna ta tafi jinya, ta bar wa mijinta, tsohon direban babbar mota, ban ruwa kawai.

Ranar da ta dawo, warin magani ne ya tare ta tun daga ƙofa. An tumɓuke karas ɗin an tara a gefen katanga, ga ƙudajen nan a zube a ƙasa.

Mijin ya fito yana murmushi. "Innar yara, kin ga aiki? Zuma ce ta cika wurin, na yi maganinta."

"Maigida, ba zuma ba ce. Su ne masu gadin lambun nan. Sau nawa na gaya maka?"

"Ni? Yaushe?"

Ta dube shi. A baya ta gaya masa a bakin murhu, ta gaya masa a tsakar gida, har ta taɓa ɗora masa tsutsar a tafin hannu. Kullum "to" yake cewa, idonsa na kan waya.

"Ko sannu babu," in ji shi, ya shige ɗaki.

Darɓa ce ta riga kowa dawowa, ba mai hana ta. Ganyen kabeji ya nannaɗe, ya yi danƙo, ya yi baƙi. Mijin ya leƙo ya ce wataƙila maganin ne bai isa ba, ko a ƙara? Inna ta tuge kabejin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa maƙwabciyarta fartanyarta ta kan katanga.

Bayan wata biyu ya sa aka zuba siminti a filin. Nan yake ajiye babur yanzu, in baƙo ya zo har ya nuna masa yadda wurin ya yi tsaf.