Koren Allon Auta

Auta na tsugune yana fama da igiyar sabon takalminsa, matar Yayansa ta tsaya gaban allon da ke bakin tafki tana karantawa da ƙarfi, kamar mai karanta hukuncin kotu.

"Koriyar hanya, mai sauƙi, minti arba'in, ta dace da yara da tsofaffi. Hanya mai ruwan ɗorawa, matsakaiciya, awa biyu." Ta juyo ta dube shi. "Auta, kai ka rubuta wannan ko?"

"Ni ne, Anti. Ga sa hannuna ma a ƙasa."

"To, na ba ka amanar mijina. Likita cewa ya yi tafiya mai sauƙi, ban da hawa, ban da haki. Ina cikin mota ina kallon agogo."

Yaya na gefe yana gyara hularsa yana kallon ruwa. Wata huɗu ke nan da yi masa aiki a zuciya, kuma tun daga ranar Anti ta mayar da shi ƙwai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hawa bene da bulo a kafaɗa, yanzu ko buta ya ɗauka sai an ƙwace. Yau ce ranar farko da ta yarda ya fita, shi ma don hanyar ta ƙaninsa ce.

Shi kuwa Auta ma'aikaci ne a sashen yawon buɗe ido na hukumar garin, sashen da duka-duka tebur ɗaya ne da fanka ɗaya da shi kansa. Bara aka ce ya bi hanyoyin da ke gefen tafki ya rarraba su, ya sa a kafa alluna. Auta mutum ne mai tumbi, ba ya shiri da rana. Ya je bakin tafkin, ya sami inuwa kusa da wata tsohuwa mai sayar da itace, ya tambaye ta wace hanya ce ta fi sauƙi.

"Ta sama mana," in ji ta. "Nan da nan ka isa. Ta ƙasa kuwa sai ka gaji da tafiya."

Ya rubuta, aka shafa fenti, har takardar yabo aka ba shi. Bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin hanyoyin ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Minti goman farko abin sai hamdala. Hanyar ta bi gefen ruwa cikin dogayen ciyayi, iska na kaɗawa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga masunta biyu can nesa suna jan taru. Auta har ya soma yi wa Yaya bayanin tsuntsaye da muryar da yake yi wa baƙin ofis. Daga nan suka iso inda hanyar ta rabu. Kibiya mai ruwan ɗorawa ta nuna shimfiɗaɗɗiyar hanya da ta ci gaba da bin bakin ruwa. Koriyar kibiya ta juya wa tafkin baya, ta nuna wani tsauni mai duwatsu da ya miƙe tsaye kamar bango.

Auta ya tsaya cak. Sai a lokacin ya gane abin da tsohuwar ke nufi da sauƙi. Ita mai ɗaukar itace ce, hanyar da ta fi saurin kai ta gida ita ce mai sauƙi a wurinta.

"Yaya, ina ganin kamar hadari na haɗowa."

Yaya ya ɗaga kai. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu.

"Ko mu bi ta ƙasa? An ce ta fi kyan kallo."

"An ce? Ba kai ka auna su ba? Ta ƙasa matsakaiciya ce, Antinka ta hana." Ya sa ƙafa a kan dutsen farko. "Mu je."

Suka fara hawa. Yaya na tafiya a hankali, taku goma ya tsaya, ya dafa dutse, ya shaƙi iska, ya ci gaba. Auta na biye da shi, idonsa a kan bayan rigar Yaya, yana kallon yadda gumi ke faɗaɗa a tsakanin kafaɗunsa. Tsoro ya kama shi sosai. Wannan mutumin ne ya goya shi zuwa makaranta, shi ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu, ga shi yau yana hawa tsauni da zuciya mai ɗinki saboda ƙaninsa ya ji ƙyuyar shiga rana. Sau uku ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sau uku haki ya tare maganar. Sabon takalmin ya ci masa dunduniya, maɓallin rigarsa ɗaya ya tsinke ya gangara ƙasa.

A tsakiyar hawan ƙafafunsa suka ƙi. Ya zube a kan wani falalen dutse yana numfashi da baki. Yaya ya dawo baya ya miƙa masa gorar ruwan da Anti ta cika don marar lafiya.

Suna nan sai ga tsohuwar ta ɓullo daga sama, ɗaurin itace a ka, silifas a ƙafa, tana saukowa kamar a tsakar ɗakinta. Ta tsaya ta ƙare wa Auta kallo.

"A'a, ɗan ofis! Yau dai ka zo ka ga hanyar da idonka? Ban gaya maka nan da nan ake isa ba?"

"Sannu, Iya," in ji Auta da ƙyar.

Ta wuce abinta. Yaya ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya juyo.

"Auta. Ba ka taɓa bin hanyar nan ba?"

"Wallahi yau ce ta farko, Yaya. Ka yafe mini."

Yaya ya dafe ƙirji ya sunkuya, kafaɗunsa na rawa. Auta ya yi tsalle ya riƙe shi, yana kiran sunan Allah, yana laluben waya da hannu ɗaya. Sai da Yaya ya ɗago ya ga ashe dariya yake yi, har da hawaye.

"Takardar yabo!" in ji Yaya. "Wadda ka sa a gilashi a falo!"

Amma da dariyar ta lafa sai Yaya ya zauna a kan dutsen. Leɓɓansa sun yi fari-fari. Ya ciro ƙwayar magani daga aljihu ya sa a ƙarƙashin harshe, ya rufe ido. Auta ya durƙusa a gabansa yana ƙirga numfashinsa, bai taɓa jin ya tsani kansa kamar wannan lokacin ba.

"Mu koma, Yaya."

"Saura kaɗan mu kai sama, kuma gangarar can ta fi ta nan kusa. Ni magini ne, na san tudu."

Haka kuwa aka yi. Daga sama tafkin gaba ɗaya ya bayyana, da rufin gidajen garin, da motar Anti ƙarama kamar akwatin ashana. Ga kuma hanya mai ruwan ɗorawa ta kewaye ruwan a kwance, ko tudun tururuwa babu a kanta. Yaya ya tsaya ya cire hula, iska ta busa masa kai.

"Wata huɗu ban yi gumi ba," in ji shi. "Ka ji ni da kyau, Auta. Ko da wasa kada Antinka ta ji wannan maganar. In ta ji, ni da ƙofar gida sai ranar da za a fitar da ni. Ka yi mini alkawari."

Auta ya sunkuyar da kai, Yaya ya ɗauki hakan a matsayin amsa.

Sai da suka yi awa ɗaya da rabi kafin su iso mota. Anti na tsaye a waje, hannu a ƙugu. Ta dubi mijinta yana tafe a miƙe, ta dubi Auta yana ɗingishi a baya, takalmi ɗaya a hannu, riga a buɗe.

"Ikon Allah! Mai sauƙin ce ta yi maka haka? Ashe kai ne marar lafiyar."

"Tsayawa muka yi ta yi muna kallon tsuntsaye," in ji Yaya, ya shige gaba ya zauna.

Anti ta tayar da mota. Auta ya faɗa kujerar baya.

"Na ji daɗi," ta ce. "Dubi yadda fuskarsa ta washe. Daga gobe kullum da safe za ka riƙa rako shi, kai ma ka rage tumbin nan."

"To, Anti, amma gobe mu bi ta ƙasa, mai ruwan ɗorawa."

Ta taka birki tun motar ba ta motsa sosai ba.

"Matsakaiciyar? Awa biyu? So kake ka kashe mini miji? Koriyar dai, kullum, yadda ka rubuta. Ai ni na yarda da aikinka."

Auta ya dubi madubin gefe. Yaya na harararsa ta ciki yana girgiza kai a hankali, leɓɓansa har yanzu ba su gama dawowa daidai ba. Ta taga kuma ga allon, ga sa hannunsa a ƙasa da farin fenti.

"Anti, ki kashe motar tukuna," in ji shi. "Allon can ni na rubuta shi, amma yau na fara bin hanyar."

Yaya ya ja dogon numfashi, ya jawo hularsa ya rufe fuska.