Oga Khalas da Dokinsa

Duk wanda ya san harkar dawaki a Dubai ya san Idris. A filin wasan folo na Kaduna ya koyi hawa, ya zo nan ya shiga gasar da ake yi kashi uku: takun ƙa'ida a gaban alƙalai, gudun daji da tsallake gungume da ruwa, sannan tsallaken sanduna. Ya ci kofuna har matarsa ta rasa inda za ta jera su a gidansu na unguwar Bur Dubai. Amma Larabci fa? Duk daɗewarsa a garin, kalma ɗaya tak ya riƙe: khalas, wato shi ke nan, an gama. In ya ƙoshi, khalas. In an dame shi, khalas. Julius, mutumin Kafanchan mai buga wa dokinsa takalmin ƙarfe, Oga Khalas yake ce masa.

Dokin nasa ne na kansa, ba na wani attajiri ba. Garwashi sunansa, ja, mai taurin kai irin na ubangidansa. Idris ya riga ya rantse daga gasar garin Hatta ya daina hawa, zai kai Garwashi gona ya tsufa yana cin ciyawa. Burinsa ke nan, ya fito da dokin nan da ƙafa huɗu.

Sai dai kwaɗayin kofi ba ya sakin mutum haka kawai. Ranar gasar, a gudun daji, da suka tunkari wani ƙaton gungume a bakin ruwa, Garwashi ya ɗan ja da baya. Maimakon Idris ya kewaya ta doguwar hanya, sai ya zabga masa bulala, ya ƙara masa wata a cinya. Gungume kuwa ba sanda ba ne, ba ya faɗuwa. Ƙafafun gaba suka daki icen, dokin ya wuntsila a sama ya faɗo a kan Idris.

Idris ya ji ƙashin kafaɗarsa ya karye kamar busasshen kara. Bakinsa ya cika da laka da jini, haƙori ɗaya yana yawo a ciki. Can gefe Garwashi na shure-shure cikin ruwa, ƙafarsa ta dama tana lilo daga ƙasan gwiwa, yana wani kuka da Idris bai taɓa jin doki ya yi ba.

Ma'aikatan jinya suka danne shi, suna ƙoƙarin ɗaure masa wuya. Wasu suka ja labule suka kare dokin. Likitan dabbobi, wani Balarabe mai tabarau, ya duba ƙafar, ya zo ya durƙusa kusa da mai doki ya tambaya da Larabci: a kai dokin asibiti a gwada yi masa aiki, ko khalas, a gama da shi?

Idris bai ma san da shi ba. Masu danne shin yake kokawa da su, so yake su sake shi ya je wajen dokinsa.

"Khalas," ya daka musu tsawa. "Khalas!"

Likitan ya gyaɗa kai ya koma bayan labule.

Kafin Idris ya kufce, ya ja jiki da hannu ɗaya ya ɗaga labulen, kukan ya tsaya. Likita na zare allura daga wuyan Garwashi.

Da hannun da ya rage masa ya cakumi kwalar likitan, ya gwara masa goshi a hanci. Tabarau ya tarwatse, jini ya wanke farar rigar. Ya sake gwara masa. Masu gadi suka murɗe karyayyen hannun har sai da ya ga duhu, suka kifa shi a laka.

"Kai ka ce," in ji likitan da Turanci, yana dafe da hancinsa. "Na tambaye ka."

Idris ya nemi Julius da ido, ya same shi tsaye yana haki, ragama a hannu.

"Julius, ni na ce me?"

"Oga, ka faɗa. Tun daga nesa na ji ka. Na yi ta ihu ba haka kake nufi ba." Julius ya share fuska. "Sai da na iso na gane da Hausa nake ihun."

Masu gadin suka sake shi. Ya rarrafa ya kwantar da fuskarsa a wuyan Garwashi. Da sauran ɗumi a jikin, kuma shatin bulalar nan biyu yana nan raɗau a cinyarsa.