Shanu Arba'in na Malam Lado

Shanu uku ne da Malam Lado, kowa a Wagini ya sani, ɗaya ma daga ƙashi sai fata. Amma ɗansa Sharhabilu ya yi wata biyar yana koyon zanen kwamfuta a shagon Malam Mannir a Batsari, kuma tun da ya iya sarrafa hoto hannunsa ke ƙaiƙayi.

Da ƙungiyar manoma ta so buga kalanda da hoton shugabanta, wato uban nasa, Sharhabilu aka ba aikin. Malam Mannir ya sha gaya wa ɗalibansa cewa hoto labari yake bayarwa, kada a bar fili fayau. Sharhabilu ya ɗauki hoton uban a gaban turken shanunsa, ya duba, ya ga shanu uku abin kunya ne. Ya kwafa ya liƙa, ya juya wannan, ya sauya wa waccan launi, har suka cika arba'in. Malam Mannir ya rantse ko shi bai ga wurin haɗin ba. Aka buga ashirin, ya riƙe ɗaya, aka raba wa masu rumfuna sauran, gogan naka yana tafiya kamar ba zai taka ƙasa ba.

Bayan kwana biyu ya kai wa mahaifiyarsa Tasalla tasa, yana jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Shanun wa ne wa'annan?"

"Ado ne kawai, Inna. Haka ake yi."

"Ado? Mutanen daji sun san ado? Ka manta Alhaji Hamma na Runka? Sabon kwano kaɗai ya sa ma ɗakinshi suka zo suka tafi da shi."

Tsoro ya kama shi. Ya fizgi babur ya nufi kasuwa, ko takalmi bai tsaya sakawa ba.

Rumfa rumfa ya bi yana cire kalandun, yana ba da haƙuri, wai an yi kuskure a kwanan wata. Tela ya yi mita, mai shayi ya yi dariya. Ya ƙirga na hannunsa har da tasa: goma sha tara. Saura ta Jinjiri mahauci.

A rumfar Jinjiri ƙusa kawai ya tarar a jikin gungume.

"Kawu, ina wuni. Ina kalandar da na ba ka?"

Jinjiri ya waiga hagu da dama, ya ajiye wuƙa, ya rage murya.

"Wasu ne su biyu bisa mashin, ɗazu da hantsi. Ba 'yan nan ba ne. Suka sayi nama, ɗayan ya tsaya yana ƙirga shanun da yatsa. Ya ciro ta ya naɗe. Mi zan ce mashi, ɗana?"

"Sun tambayi gidanmu?"

"A'a. Gona suka tambaya."

Tun safe Baba ya tafi roron wake, shi kaɗai. Sharhabilu ya ciro waya, ya kira lambar Baba. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, yana ta salati a zuci. Sai aka ɗauka.

"Baba! Baba, ka baro gonar yanzu!"

Ƙugin babur ya fara ji. Sannan wata murya da bai taɓa ji ba ta ce, a natse:

"Kai ne ɗan mai shanun?"