Takalman da Ke Rataye a Tsamiya

Malam Nata'ala mai gyaran takalma ne a kasuwar Ƙanƙara, kuma irin mutanen nan ne da sai sun dubi ƙafarka kafin su dubi fuskarka. Shekara talatin yana duƙe, ina zai koyi ɗaga kai? Shi ya sa ma a ƙafa ya fara gane ɗansa Zailani ya lalace, tun ranar da ya ga dunduniyar takalminsa ta cinye gefe guda saboda jan ƙafa. Ƙwaya ce. An fara ba shi a gonar ƙwadago don ya yi noman mutum biyu, yanzu ko na rabin mutum ba ya iyawa.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce a kai shi Katsina, akwai likitoci da masu zaunar da mutum su yi ta magana da shi har ya rabu da abin. Nata'ala ya ji kunya, wai kada a ce ɗansa mahaukaci ne. Sai ya bi shawarar Baba Mero mai ƙosai, maƙwabciyar rumfarsa.

"Kai shi gidan marin Malam Gide, can tsakanin Faskari da Sabuwa," in ji ta. "Nan na kai Uwaisuna. Malam ya ce mani ya warke sarai, an sallame shi, ya tahi kudu neman aiki. Shekara biyu ke nan, sai dai bai aiko ba tukun."

Ranar Laraba da hantsi ya ari babur ya goya Zailani. Jakar aikinsa na rataye a kafaɗa, don ko gidan biki ba ya zuwa babu ita.

Gidan yana bayan gari, da doguwar katanga da ƙatuwar tsamiya a ƙofa. Abin da ya fara damunsa shi ne shirun wurin. Ga rana tsaka, amma babu tari, babu karatu, ko kaza ba ta kuka. Malam Gide ya tarbe su da fara'a, mutum mai taushin murya da farar riga. Ya ce Zailani ya tuɓe takalmi. Wani ƙato ya ƙulla su da igiya, ya sa gora ya rataye a reshe.

"Al'adarmu ke nan," in ji malamin. "Wanda ya shigo, takalminshi shina sama. Ranar da ya warke, da hannuna nake sauko mashi da su. Ba mai fita gidan nan ba takalmi."

Aka shige da Zailani, ko waiwaye bai yi ba. Aka ce maƙerin da zai buga masa mari sai bayan azahar zai iso.

"Mutum nawa ke ciki, Malam?"

"Goma sha huɗu, da naka."

Nan Nata'ala ya yi abin da bai saba ba, ya ɗaga kai. Ya so ne kawai ya gane reshen da aka sa na ɗansa. Sai ya ga tsamiyar ta haifi takalma kamar 'ya'ya. Silifa, fade, na taya, na roba, wasu rana ta ƙone su har sun nannaɗe, wani ma zanzaro ya yi gini a ciki. Ya ƙirga har hamsin, ya bari. Babu iska ko kaɗan, amma suna juyawa a hankali a kan igiyoyinsu.

A reshen ƙasa, daidai goshinsa, akwai wani fade na hagu da aka ɗinke wa hanci da koren zare, ƙulli biyu a ciki, ɗaya a waje. Duk Ƙanƙara mutum ɗaya ke wannan ƙulli. Ya tuna ranar da ya yi shi, Uwais na tsaye a kansa da ƙafa ɗaya yana cin ƙosan uwarsa.

Tsoro ya kama shi. Ya san in ya yi gardama, ƙaton nan zai tura shi waje a rufe ƙofa, maƙeri kuma yana hanya.

"Malam, a yi mani alfarma," ya ce. "Hancin takalmin yaron nan ya kusa tsinkewa. Abin kunya ne a sallami ɗan mai gyara da tsinkakken takalmi. Bari in kama shi yanzu."

Malam Gide ya yi murmushi, ya sa aka sauko da su.

Nata'ala ya ce, "Sai an fito mani da ƙafar. Ba a ɗinki da ka, sai an gwada."

Malamin ya daɗe yana kallonsa, murmushin bai gushe ba. Can ya ɗaga wa ƙaton hannu.

Zailani ya fito, har an aske masa rabin kai. Uban ya duƙa da basilla, ya yi ɗinkin da babu buƙatarsa, ya zura masa takalman da kansa kamar yana yaro.

"Sun sauko, Malam, kuma suna ƙafarshi," ya ce. "Kai ka faɗi al'adar."

Da zai miƙe ya kai wuƙarsa reshen ƙasa, ya yanke igiya, faden ya faɗa jaka. Babu wanda ya hana shi. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya ɗora Zailani a baya, ya buga babur sau uku kafin ya tashi, sai ya ji muryar nan mai taushi a bayansa.

"A sauka lafiya. Reshen nashi shina nan, ba mu ba kowa."

Washegari ya saka Zailani a motar Katsina, ya miƙa shi ga likitoci, ya faɗi sunan ciwon da bakinsa a gaban mutane, kunyar kuma ba ta kashe shi ba. Suka ce za a daɗe, kuma yana iya komawa ruwa sau ɗaya ko biyu kafin ya tsaya. Da aka ba Zailani gado, Nata'ala ya tura takalman ƙarƙashinsa, inda hannun mai su zai kai.

Ranar kasuwa ya buɗe rumfa. Bai gama shimfiɗa buhu ba sai ga Baba Mero da ƙosai a takarda, tana ta fara'a.

"Ka kai shi? Ka ga wurin da natsuwa, ko? In ka koma dubiya, don Allah ka tambayar mani Malam ko Uwais ya bar lambar waya."

Nata'ala ya dubi ƙafafunta, don ya kasa duban fuskarta. Sannan ya jawo jakar gabansa.

"Zauna, Baba Mero," ya ce. "Aje ƙosan tukuna."