Tsagar Tsakar Gida

Yaya yana yaro Baba ya zuba simintin tsakar gida, ya ƙi ba shi ruwa, wai siminti ba shuka ba ne. Da ya bushe sai ya tsuke, ya tsage gida biyu. Inna ta mai da tsagar iyaka: in Yaya da Auta suka yi faɗa, kowa ya zauna ɓarinsa.

Bayan rasuwar tsofaffin, Auta ya kawo magini ya sake daɓen. Yaya, wanda yanzu injiniya ne, ya tsaya yana kallo har tsagar ta ɓace.

Magini ya ce, "Injiniya, kwana nawa za mu ba shi ruwa?"

Yaya ya dubi inda iyakar take a da.

"Bar shi. Siminti ba shuka ba ne."