Kwansunan da Tamimu Ya Zubar

Tamimu mutum ne mai tsabtar tsiya, ko tsinke ya gani a ƙasa sai ya duƙa. Wannan halin ne ya sa yayansa Badamasi ya tsaya masa har ya samu aiki a shagon kifin ado da ke unguwar Al-Murabba, can ƙasar Larabawa, inda shi Badamasin ya daɗe yana kula da tankunan gilashi.

A wani tanki mai ruwan sanyi akwai ƙananan ƙaguwoyi da aka kawo daga duwatsun tekun ƙasashen sanyi. Gindinsu laushi gare shi, sai kowace ta shige kwanson katantanwa, in ta girma ta koma wani. Ba wanda ya gaya wa Tamimu haka. Ranar Alhamis ya ga kwansuna fanko zube a ƙasan tankin, ya ja tsaki, ya tsince su tas ya watsa a shara.

Da suka buɗe shago ranar Asabar, yaƙi suka tarar. Wata babbar ƙaguwa ta danne ƙarama tana buga mata kwanso ƙwas-ƙwas, ta sa awartakinta ta fizgo ta waje, ta tsinke ta biyu. Ƙafafu sai yawo suke a ruwa. Tamimu ya san ya shiga uku, domin iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, sabuwa ce, kuma tana hannun mai shagon, Abu Mish'al.

Abu Mish'al ya shigo ya gani. "Min? Wa ya kwashe kwansunan?"

Badamasi ya dubi ƙaninsa sau ɗaya. "Ana, ya mudir. Ni ne, maigida."

Mutumin ya fizge baƙar igiyar da ke kansa ya zabga wa Badamasi a fuska, ya sake, ya sake, sannan ya gwara kan Badamasin da bakin tanki har leɓensa ya fashe. Tamimu na tsaye riƙe da tsumma, ya bar laifin a kan yayansa. Tsoro ne, ba wani abu ba.

"Huruj! Ka koma ƙasarku!" Abu Mish'al ya tuɓe wa Badamasi rigar aiki ya jefa wa Tamimu. "Yalla, kai ne mai tankuna yanzu."

Badamasi ya tofar da jini a bakin ƙofa. "Ƙanena, ka riƙa bar musu kwansuna," ya ce, ya fita.

Rigar ta yi wa Tamimu yawa, ga jini a wuyanta. Famfo na nan kusa da shi, ga sabulu. Bai wanke ba.