Wa Zai Juya wa Mista Tarver Faifai

"Ka ajiye ta! Na ce ka ajiye ta, ko kunnenka ya toshe ne?"

Ina barandata ina kakkaɓe dardumar bakin ƙofa na ji wannan tsawa ta fito ta tagar maƙwabcina, Mista Cleophus Tarver. Likita ya ce huhunsa saura kwata, amma muryar nan tasa mai kauri ba ta samu labari ba. Na leƙa, sai ga surukinsa Darnell rungume da tsohuwar rediyon dattijon, mai fuskar azurfa da nauyin buhun siminti, ya nufi wurin shara da ita.

Da silifas na tsallaka shingen.

"Darnell, ina za ka da ita?"

"Ta mutu, Mis Odessa. Jiya na gwada."

"Kai ka rufe mata ido? Mayar da ita inda ka ɗauko."

Shekara talatin da huɗu muna maƙwabtaka da Mista Tarver a nan garin Gary. Kamfanin ƙarfe ya cinye masa ƙuruciya da huhu, matarsa Earline kuma ta riga shi tafiya da shekara tara. Abin da ya rage masa shi ne gidan nan da faifan garmaho guda ɗaya mai ɗauke da muryarsa. Suna samari, su huɗu 'yan cocinsu suka yi waƙoƙi aka buga musu faifai ɗari biyu. Ukun sun mutu, faya-fayan sun watse a duniya, nasa kaɗai muka san inda yake.

Na same shi a falo, a gadon asibitin da aka kawo masa, robar iska a hanci, sandarsa a hannu kamar mai jiran ɓarawo. 'Yarsa Renita tana tsaye a kansa, idonta ya yi ja. Daga birnin Indianapolis take tuƙo mota duk mako, gajiya ta gama da ita, wannan kam ba na musu.

"Mis Odessa, ki yi masa magana, ko ke zai ji," ta ce. "Gobe motar gidan jinya za ta zo. Can akwai nas dare da rana. Me ya rage masa a nan? Ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya iya sauka ya ji kiɗan nasa."

"Ba inda za ni," in ji dattijon. "Da ƙafata na shigo gidan nan, a kwance za a fita da ni, kuma ba gobe ba."

"Baba, na sa maka sifika a kowane ɗaki. Duk waƙar duniya tana cikin wayata."

"To sa mini tawa."

Ta mayar da wayar aljihu. Ta san ba ta ciki.

Sifikokin nan farare ne, marasa waya, tun Kirsimeti ta jera masa su a falo da kicin da ɗakin kwana. Ta falon, hularsa ya kifa mata. Garmahon kuwa yana ƙasa, a kan kantar da ya kafe da kansa a bangon siminti, don daɓen sama na katako ne, mutum ya taka da ƙarfi allura ta yi tsalle ta karce faifan. Ya rantse ba mai hawo da garmahon sama muddin yana numfashi.

"Zan kai faifan a kwafe maka shi a waya," in ji Renita. "Mako biyu kawai suka ce."

"Mako biyu! Wa ya ba ki mako biyu? Kuma ni ba hoton abinci nake so ba, abincin nake so."

Darnell ya share gumi ya ce, "Na fa gwada, Baba. Na sayo ɗan akwatin da ke tura sauti zuwa sifikokin, na haɗa garmahon da shi. Abin da ya fito kamar kukan sauro."

Nan raina ya ɓaci. Shekara talatin da ɗaya na yi ina hawa turakun kamfanin tarho, maza suna tsaye a ƙasa suna jiran in faɗo, ban faɗo ba.

"Kai tsaye ka haɗa garmahon da akwatin?"

"Eh mana."

"Ka tsallake rediyon?"

"To ai tsohuwa ce."

"Ni ma tsohuwa ce, tsallake ni ka gani. Ɗauko ta, mu sauka."

Matakala goma sha uku ce, gwiwoyina suka gaishe da kowace. Na sa shi ya mayar da rediyon mazauninta, ina aiki ina yi masa karatu, yana so ko ba ya so. Muryar allura ƙarama ce, sai ta bi ta cikin rediyon an ɗaga ta tukuna, shi ya sa aka yi mata ramukanta na musamman a baya. Daga nan ka fitar da ita ta ramukan da a da ake haɗa rikodar kaset, ka kai wa ɗan akwatin naka. Na kunna. Sai wani gurnani ya cika ɗakin, kamar firiji mai ciwo.

Sanda ta bugi daɓe a samanmu sau uku. "Odessa! Siririyar wayar! Kin manta siririyar!"

"Ban manta ba, surukinka ya tsinke ta!"

Ita ce 'yar wayar da ake ɗaurewa a kusar bayan rediyo don ta kashe gurnani. Na feƙe bakinta da wuƙar aljihuna, na naɗe, na ɗaure tamau. Ɗakin ya yi tsit. Darnell ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Sifikokin sama ba sa jin maganar kowa sai wayar Renita. In ba ta danna ba, duk aikina banza.

Na same ta a kicin, takardun gidan jinya a gabanta, biro a hannu.

"Ba ni aron yatsanki," na ce.

"Mis Odessa, kin san me kike yi? In ya ji faifan nan a gadonsa, ko da katafila ba a fitar da shi."

"Na sani sarai."

"Gefe ɗaya minti goma sha takwas ne. Wa zai riƙa sauka yana juyawa? Ni ina da aiki, ina da yara."

"Ni."

"Da gwiwoyin nan naki?"

"Nawa ne ai, ba naki ba."

Ta kifa fuska a tafin hannu. "Tsoro nake ji ya mutu ba kowa a kusa. Shi ke nan abin da ke damuna. Kowa kallon muguwa yake mini."

Wallahi ta ba ni tausayi, har na ji kunyar zafin bakina. Na dafa kafaɗarta na ce, "Mutumin da ake juya wa faifai duk minti goma sha takwas, yaushe zai samu zama shi kaɗai?"

Ta ture takardun gefe. Sannan ta jawo wayar, ta yi 'yan danne-danne, ta ɗaga murya: "Darnell, sa allurar."

Aka ji ɗan ƙas-ƙas, sai muryoyi huɗu suka tashi a kicin, a falo, a ɗakin kwana, lokaci ɗaya. A ƙarƙashinsu duka akwai wata mai kauri, ta saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu. Muka ruga falo. Dattijon ya sa sanda ya ture hular daga kan sifikar, ya buɗe baki zai bi, sai ya haɗe rai.

"Wane ne ke riga ni shiga? Ban taɓa makara a waƙa ba, ba kuma yau zan fara ba!"

Ashe tsofaffin manyan sifikokinsa na ɗakin ƙasa ne ke riga shi. Su da waya suke, sautinsu yana riga na sama da ɗan ƙiftawar ido, yana ratso daɓe. Na ƙwala wa Darnell kira ya kashe su. Daga nan waƙar ta daidaita, Mista Tarver ya shiga daidai inda ya kamata, da ɗan numfashin da ya rage masa. Renita ta juya mana baya tana kallon taga.

Washegari motar ta zo da hantsi. Direban ya shigo da keken marasa lafiya, dattijon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, ka karya kuwa? Akwai burodin masara a kicin. Ci ka kama hanya, ka gaishe su."

Direban ya dubi Renita. Ta ce, "Ka ji abin da ya ce."

Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan nan. Nas tana zuwa da safe, matan cocinsu suna karɓata wajen juya faifan in gwiwa ta ƙi, amma yawanci ni ce. Yana da wasu faya-fayan fiye da ɗari uku, wani lokaci ya ce a sa wannan ko wancan, amma kullum sai an koma nasa. Ya daina cin abinci, bai daina ba da umarni ba. In na saki allura da gaggawa sai in ji sanda a sama. Na ce masa wata rana zan ɓoye sandar nan, ya ce in gwada.

Ranar Talata da azahar Renita tana nan, ta ɗauki hutu. Tun safe bai yi magana ba, sandar ma ta zame ƙasa ba wanda ya ɗauka. Gefen farko ya ƙare, na zaci barci yake. Sai leɓensa ya motsa.

"Odessa. Ɗaya gefen."

Na sauka, na goge faifan da ƙyallensa, na juya, na saki allurar a hankali yadda yake so. Kafin in hawo waƙar farko ta yi nisa. Renita tana riƙe da hannunsa, na zauna a ɗaya gefen gadon. A waƙa ta uku akwai inda sauran ukun suke yin shiru su bar masa fili shi kaɗai. Ya ji wurin nan har ƙarshensa, na ga yatsansa yana bin kiɗan a kan bargo. A ta huɗu yatsan ya tsaya.

Ba wadda ta yi kuka a cikinmu tukuna. Muka zauna har muryoyin suka gama. Allurar ta kai ƙarshen faifai ta ci gaba da zagayawa, shuu-ƙas, shuu-ƙas, a falo, a kicin, a ɗakin da ba kowa. Na dafa gwiwa zan tashi in je in ɗaga ta.

Renita ta kama wuyan hannuna.

"Bar shi tukuna, Mis Odessa."

Na koma na zauna.